BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN TSARIN 'YAN SANDAN AL'UMMA A ƘASAR GUMEL

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an bayyana yanayin ƙasar Gumel da sana'o'in mutanenta. Wannan babi kuwa zai ɗora tsarin nan da ake kira 'yan sandan al'umma a kan ma'auni, kamar yadda Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tsara shi, sannan a dubi yadda zai zauna a gari irin Gagarawa Tasha. Abin da ake son ganowa shi ne ko tsarin yana iya haifar da yarda tsakanin talaka da ɗan sanda, alhali kuɗin da ake gudanar da aikin da shi kullum ƙara tsukewa yake yi. Za a nuna inda dokar ta yi daidai, domin akwai inda ta yi, amma mafi yawan bayanin zai tsaya ne a kan inda ta gaza.

4.1 Gagarawa Tasha da Irin Tsaron da Take Bukata

Sunan garin ya isa ya nuna asalinsa. Layin dogo da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ya haifar da Tasha a gefen tsohon garin Gagarawa, kuma cinikin gyaɗa ya jawo mata baƙi daga wurare daban-daban. Yanzu tana ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gagarawa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta kimanin mutum 80,000. Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar su ne suka haɗu suka yi masarautar Gumel a Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Daga arewa masarautar ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma da tumaki daga ɓangarorin iyakar biyu.

Mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Ana noma gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo. Saboda haka yawancin matsalolin da ke kai mutum gaban hukuma ba irin na Zamfara ko yammacin Katsina ba ne. Satar akuya ce ko saniya, ɓarnar gona da kaka, rigimar iyakar gona, bashi, faɗan samari da shan ƙwaya. Irin waɗannan laifuka ba a maganinsu da bindiga. Sanin mutane ake maganinsu da shi: wa ya sauka a gidan wa jiya da dare, wane mahauci ne ya yanka akuyar da ba a ga ya saya ba, wane ne zai faɗa wa Ardo magana ya ji. Wato ke nan idan akwai wurin da ya kamata tsarin 'yan sandan al'umma ya karɓu ba wahala, to irin wannan wuri ne. Idan ya kasa a nan, ba za a ɗora laifin a kan 'yan ta'adda ba.

4.2 Daga Dogari Zuwa Ɗan Sanda

Bahaushe ya yi wa masu tsaro sunaye uku, kuma kowane suna yana ɗauke da hukuncin da ya yanke wa mai shi. Dogari bawan sarki ne, ikonsa daga fada yake. Ɗan doka shi ne wanda Turawa suka gyara daga cikin dogarai tun daga shekarun 1920, suka sa masa kaki, ya zama na En'e. Ɗan sanda kuwa, na gwamnatin Ikko, ba a ambace shi da sarki ba, ba a ambace shi da doka ba, da abin da ke hannunsa aka sa masa suna. An haɗe rundunar Arewa da ta Kudu a 1930 aka sami 'Yan Sandan Nijeriya, amma a ƙasashen sarakuna ɗan doka ne talaka ya sani har bayan mulkin kai. Tamuno (1970) da Rotimi (2001) sun yi cikakken bayani a kan wannan tarihi.

Akwai wani ra'ayi da ake yawan ji daga bakin dattawa, cewa a zamanin 'yan doka mutum yana kwana ƙofarsa a buɗe. Akwai gaskiya a ciki, ta fuskar cewa ɗan doka ɗan gari ne, yana jin harshen mutane, kuma a bayansa akwai sarƙar hakimi da dagaci da bulama wadda baƙo ba ya kwana a ƙauye ba ta sani ba. To amma wannan sarƙa ɗin ce aka yi amfani da ita wajen karɓar haraji da jangali da ƙarfi, da kuma ɗaure magoya bayan jam'iyyar NEPU a shekarun 1950. Wannan ne ya sa kwamitin da gwamnatin soja ta kafa a 1966 a ƙarƙashin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a soke 'yan doka, aka kuma narkar da su cikin rundunar tarayya daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 (sashe na 214) suka rufe ƙofar, suka ce ba wata rundunar 'yan sanda a ƙasar sai guda ɗaya.

Abin lura a nan shi ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago. An raba talaka da mai tsaron da ya san shi amma yake zaluntarsa da sunan fada, aka kawo masa wanda bai san shi ba, wanda ake iya ɗauke shi daga Gumel gobe a kai shi Kalaba. Duk wani shiri na 'yan sandan al'umma da aka yi daga baya ƙoƙari ne na dawo da sanin da ɗan doka yake da shi ba tare da an dawo da zaluncinsa ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

4.3 Shirin 2004 da Dokar 2020

Tun a 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda aka fi sani da PCRC. Shirin 'yan sandan al'umma kansa Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Afrilu 2004, lokacin Sufeto Janar Tafa Balogun, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya. An fara da Inugu, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin farko da aka faɗaɗa shi zuwa gare su. Sai dai shirin bai shekara ba Sufeto Janar ɗin da ya kawo shi ya sauka bisa zargin cin amanar kuɗin rundunar, kotu kuma ta same shi da laifi a 2005. Ba ƙaramin lahani wannan ya yi ba ga shirin da jarinsa duka shi ne yarda. Bugu da ƙari, shiri ne da ya dogara da kuɗin baƙi, saboda haka da wa'adin tallafin ya ƙare sai aka bar jami'an da aka horar da takardun shaida kawai.

Dokar 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar da asalinta na 1943 ne. Dole a yaba mata a wurare biyu da suka shafi rayuwar karkara kai tsaye. Ta hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, al'adar da ta daɗe tana sa a tsare uba ko mata har ɗa ko miji ya bayyana. Ta kuma hana a kama mutum a kan abin da ba laifi ba ne, kamar bashi ko saɓa alƙawarin ciniki. Duk wanda ya san yadda ake mayar da caji ofis wurin karɓar bashin taki ko na dillancin dabbobi ya san amfanin wannan. Daga sashe na 113 kuma dokar ta tanadi kwamitocin 'yan sandan al'umma a matakin jiha da na shiyya-shiyya har zuwa ofishin yanki.

A nan ne rauninta na farko yake. Dokar ta ɗauki "al'umma" kamar wani fili ne fetal da za a zo a kafa kwamiti a kai. Alhali a Gagarawa Tasha, kamar kowane gari na ƙasar Hausa, akwai masu riƙe da zaren tun kafin a rubuta dokar: bulama da limami, sarkin pawa da sarkin kasuwa, shugaban direbobi a tashar mota, Ardon Fulani, shugaban 'yan sintiri, har da ungozoma wadda ta fi kowa sanin abin da ke faruwa a cikin gidaje. Idan aka sace saniya, sarkin pawa da dillalan kara ne za su fara gane ta, ba kwamiti ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya zare wa masu sarauta ikon zartarwa, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani aiki ba. Ana kiran su taro, ana neman bayanai daga gare su, amma ba su da hurumin tambayar abin da aka yi da bayanan. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin da aka mayar ɗan rahoto kawai ba ya daɗewa yana kawo rahoton, musamman idan wanda ya tona ya dawo gida bayan kwana biyu ya san wanda ya tona shi.

Rauni na biyu ya fi wannan girma. Kwamitin abokin shawara ne, ba mai sa ido ba. Ba shi da ikon duba littafin da ake rubuta waɗanda aka tsare, ba shi da ta cewa a kan wanda za a turo ya shugabanci ofishin yanki ko lokacin da za a ɗauke shi, kuma jami'in da ya kamata a yi ƙorafi a kansa yana cikin masu juya zaman. Umarni daga Dutse yake zuwa, na Dutse kuma daga Abuja. Don haka kalmar "al'umma" a cikin sunan ta fi kama da ado.

4.4 Matsalar Kuɗi

A watan Agusta 2020 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 domin fara shirin. Da kuɗin aka ɗauki matasa daga ƙananan hukumomi, aka horar da su na ɗan lokaci, aka ba su kaki, aka mayar da su garuruwansu a matsayin kuratan sa-kai. Ta fuskar tunani, wannan shi ne mafi kusa da dawo da ɗan gari cikin aikin tsaro. To amma kuɗin na farawa ne, ba na ci gaba ba. Rundunar ta ce aikin sa-kai ne, ba albashi, wanda yake da sana'arsa ake so. Jihohi da ƙananan hukumomi kuma kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai biya alawus. A 2022 irin waɗannan kurata sun yi zanga-zanga a Oshogbo a kan rashin biya, amsar da suka samu ita ce dama ba a yi masu alƙawarin albashi ba.

Wannan kuskure ne na tsari, ba na aiwatarwa ba. A garin da mafi yawan samari ba su da aikin yi daga girbi zuwa faɗuwar ruwa, wanda ya nemi kaki ba don yana da rarar lokaci ya nema ba, don yana neman abinci ne. A ba shi kaki da ikon tsayar da mai babur, a hana shi albashi, daidai yake da bai wa kura ajiyar nama sannan a yi mamaki. Kuma ɓarnar da zai yi ta fi ta baƙon ɗan sanda ciwo, domin wanda ya karɓi naira ɗari biyu a hannunka da safe shi ne za ku haɗu da shi a sahun magariba.

Idan aka koma ga rundunar kanta, akwai bukatar a fahimci yadda ragin kasafi yake aukuwa a Nijeriya, domin ba ya zuwa da sanarwa. A Ingila da Wales, bayan matakan tsuke bakin aljihu na 2010, an rasa kimanin 'yan sanda 20,000 cikin shekara takwas, kuma masu sintirin unguwanni ne suka fi raguwa. Kowa ya ga lissafin a rubuce. A nan kuwa adadin da ke cikin kasafi yakan ƙaru kusan kowace shekara, amma ragin yana shigowa ta ƙofa uku. Ta farko, kaso mafi tsoka albashi yake tafiya, abin da ya rage na gudanar da aiki kaɗan ne. Ta biyu, abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban, kuma wanda aka saki sai ya bi ta hedikwata da shiyya da jiha kafin ɗigonsa ya iso ofishin yanki. Ta uku ita ce faɗuwar darajar naira. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa watan Oktoba 2024 ta haura naira 1,000. Ofishin da kuɗin mansa bai ninka sau biyar ba a wannan tsakani, an rage masa sintiri ke nan, ko da ba wanda ya rubuta haka. Ba sabon abu ba ne: haka tsarin SAP na 1986 ya cinye albashin ma'aikata, kuma rashin biyan haƙƙoƙi ne ya kai ƙananan 'yan sanda ga yajin aiki a watan Fabrairu 2002, abin da ba a taɓa gani ba.

An yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi da Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda na 2019, wanda aka tsara zai riƙa samun rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya. A watan Janairu 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ta ce cire kuɗin kai tsaye daga asusun tarayya ya saɓa wa tsarin mulki. Ko ba wannan ba ma, hankalin irin wannan asusu ya fi karkata ga sayen motoci da gine-gine, abubuwan da ake yanka masu kirtani a ɗauki hoto. Motar sintiri kuwa ba ranar da aka ba da ita take aiki ba, duk ranar da aka zuba mata mai take aiki.

To wa yake biyan abin da gwamnati ba ta biya ba? Amsar ita ce mai ƙara. A ƙauyukan Nijeriya sanannen abu ne cewa wanda aka yi wa sata shi zai kawo kuɗin mai a je a duba wurin, wani lokaci har da na takarda da biro, shi zai ɗauki nauyin kai wanda ake zargi kotu, dangin wanda aka tsare kuma su kawo masa abinci. Yana da kyau a bambance wannan da cin hanci na son zuciya, domin sau da yawa jami'in gaskiya yake faɗa idan ya ce babu mai a mota. Amma ga talaka sakamakon ɗaya ne. Manomin Medu ko Zarada da aka sace wa tunkiya zai yi lissafi: kuɗin babur zuwa ofis, kuɗin mai, kwana biyu ko uku da zai bar gonarsa. Idan jimlar ta kusa kuɗin tunkiyar, sai ya bar wa Allah, ko ya kai wa 'yan sintiri. Daga nan sai littafin ofis ya nuna laifi ya yi ƙaranci a yankin, masu rabon ma'aikata kuma su ga ba dalilin ƙaro kowa. Ƙarancin kuɗi ya haifi ƙarancin ƙara, ƙarancin ƙara ya zama hujjar ƙarancin kuɗi.

Akwai lahani na biyu da ya fi wannan muni. Idan mai ƙara ne ke ɗaukar nauyin bincike, to wanda ya fi ƙarfin aljihu shi ya fi samun kunnen hukuma. A rikicin manomi da makiyayi kowane ɓangare yana zargin ɗaya da sayen hukuma: manomi ya ce Bafillace ya sayar da sa ya kashe magana, Bafillace ya ce shi ake tatsa domin an san yana da abin sayarwa. Ba lallai ne zargin ya tabbata a kowace shari'a ba. Tun da kowa ya san kuɗi na shiga, ba hukuncin da zai fito a yarda da shi, ko da na gaskiya ne.

Haka kuma rabon 'yan sandan da ake da su bai bi bukatar jama'a ba. Rundunar ba ta kai mutum 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a 2018 shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce fiye da 150,000 daga cikinsu suna gadin manyan mutane ne. A yankin iyaka akwai wani jan hankalin na daban, wato hanya. Jami'an hukumomi iri-iri sun fi yawa a inda kaya ke wucewa, musamman a lokutan da aka rufe iyaka, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da aka sake buɗe Maigatari, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 zuwa Maris 2024. Mutumin karkara ba ya bambance kakin wannan hukuma da na waccan. Abin da ya gani shi ne hukuma tana da yawa a kan kwalta ranar Alhamis, ba ta nan a ƙauyensu daren Laraba.

4.5 Yarda

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a cikin waɗanda suka yi hulɗa da 'yan sanda, kashi 46 cikin 100 sun biya cin hanci ko an nemi su biya, a rahoton 2017. A na 2019 adadin ya sauko zuwa 33. Saukar abin lura ce, kuma tana nuna cewa al'amarin yana gyaruwa idan an so. Duk da haka, mutum ɗaya cikin uku ya isa ya sa rubutun "beli kyauta ne" da ke jikin bangon caji ofis ya zama abin ba'a, haka ma kirarin "ɗan sanda abokin kowa".

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mutanen wannan yanki ƙin 'yan sanda suke yi. Lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoba 2020 Arewa ba ta fito kamar Kudu ba, gwamnoninta ma suka nuna rashin goyon bayan rushe rundunar SARS. Kukan ɗan Legas shi ne 'yan sanda sun yi masa yawa. Kukan mutumin karkarar Arewa shi ne idan ya neme su ba ya samu, idan ya samu kuma sai ya biya. Dokar 2020 magani ɗaya ta rubuta wa cututtukan biyu.

Akwai kuma al'adar kunya da dokar ba ta yi la'akari da ita ba. A wurin Bahaushe kai maƙwabci wurin 'yan sanda yanke zumunci ne, kwana a caji ofis kuma tabo ne da ake tunawa da shi har ranar neman aure. Shi ya sa ake fara kai magana gaban bulama ko limami ko Hisba, inda ake sulhu ba tare da an tozarta kowa ba. Ɗan sandan da ya fahimci haka, ya riƙa mayar da ƙananan rigingimu zauren mai gari, shi ne yake samun labarin manyan. Akwai jami'ai masu yin haka, kuma akan daɗe ana ambatonsu bayan an ɗauke su. Matsalar ita ce halin mutum ɗaya ne, ba tsari ba. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo, yardar takan bi shi cikin mota.

Abin da ya faru a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura maƙwabciyar Gagarawa, ranar 15 ga Oktoba, 2024, ya cancanci a tsaya a kansa. Tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Rundunar ta bayyana cewa jami'anta sun yi ƙoƙarin korar mutane daga wurin, amma taron ya fi ƙarfinsu. Ba daidai ba ne a ce rashin yarda da 'yan sanda ne ya kashe mutanen nan. Talauci da tsadar mai sun fi kusa da zama dalili. Amma abin ya nuna iyakar ikon kaki. 'Yan sanda ƙalilan ba sa iya tare ɗaruruwan mutane da ƙarfi, abin da suke da shi kawai shi ne a ji maganarsu. Jin magana kuwa ba a daren tashin hankali ake nemansa ba. Da akwai hanyar da aka saba bi, wadda cikin minti kaɗan za ta haɗa jami'i da liman da lasifikar masallaci da shugabannin matasa, da ita ce 'yan sandan al'umma a aikace, kuma ba ta cin biliyan ko ɗaya.

Giɓin da hukuma ta bari 'yan sintiri ne suka cike shi, waɗanda jama'a ke tara masu kuɗin batir da na shayi gida-gida. Abin mamaki shi ne mutumin da ke jin zafin ba da kuɗin mai a ofis yana ba da na sintiri da hannunsa, domin yana ganin aikin da dare, kuma idan ɗan sintiri ya yi ba daidai ba ya san gidan ubansa. Wannan shi ne sa idon da dokar ta hana kwamitocinta. Amma 'yan sintiri ba su san ƙa'idar bincike ba, dukan wanda ake zargi ya zama ruwan dare a wurinsu, kuma baƙo da makiyayi su suka fi shan wahalarsu. Zamfara ta nuna inda hanyar ke kaiwa idan ba linzami, domin kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a yana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yanzu ba ta mutu ba.

Jihohi da dama sun nemi mafita ta hanyar kafa rundunoninsu masu albashi: Amotekun a Kudu maso Yamma a 2020, dakarun tsaron al'umma na Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024. A watan Fabrairu 2024 kuma Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi. Masu goyon baya suna kafa hujja da sanin gari, masu suka suna tuno da 'yan doka da NEPU, kuma duka biyun suna da gaskiya. Abin da muhawarar ta fi tsallakewa shi ne wanda zai biya. Jigawa tana cikin jihohin da mafi yawan kuɗin shigarsu daga rabon Abuja yake zuwa. Idan aka ɗora mata runduna ba tare da an ware kuɗin gudanarwa da zai sauka kai tsaye a ofishin yanki ba, a kuma manna adadinsa a bango inda bulama da mai ƙara za su karanta, to ɗan sandan jiha da za a turo Gagarawa Tasha, ko da a garin aka yanke cibiyarsa, shi ma kuɗin mai zai tambayi manomin Zarada kafin ya tayar da mota.